Ramin da Ya Ƙi Shan Ruwa

Rairayi ya riga ya kama ni har cinya lokacin da na ɗaga kai na ga igiyar ba ta nan. Gaba uku ne tsakanina da bakin ramin. Abin da nake gani a sama ɗan faifan haske ne kawai, da kan Garba a cikinsa, ya tsuguna, igiyar naɗe a hannunsa. Ruwa mai sanyi yana tasowa ta tsakanin ƙafafuna. In na motsa sai in ƙara nutsewa, bangon ramin kuma yana ta tsagewa yana zubo mini ɓarɓashi a wuya.

"Ɗan lakwal," in ji shi, a hankali kamar mai tambayar lafiyar gida, "me za ka rubuta a takardar?"

To, ku 'yan zaman ƙofar tela a Zango, kun dame ni. Kowa ya gan ni sai ya ce wai da gaske har ƙasar Ingilishi na je, wai me ya raba ni da aikin, wai me ya sa ba na leƙa kasuwa ranar Alhamis. Bari in faɗa muku tun daga farko, sau ɗaya, in huta.

Kun san na bar lakwal, makarantar boko, a aji huɗu. Na zauna wajen maƙeri wata biyu, na bi masu kilishi wata ɗaya, ba inda na daɗe. Mushe Iliya na biro, wato ofishin duba-gari, shi ne ya ɗauke ni, don na iya karanta agogo kuma lambata tana fita tsaf. Mushe ɗin nan kamar malam ne da Faransanci. Kirista ne, ɗan gari, ba ya ɗaga murya ko ka yi masa ɓarna. Aikinmu shi ne, in wani mai hali yana son masai irin na Nasara, wanda ake ce wa fos, wato ramin siminti da ƙazanta ke kwanciya a ciki ruwanta ya tsiyaye cikin ƙasa, ba a ba shi farmi, takardar izinin gini, sai mun gwada ƙasar wurin. A haƙa rami, a zuba ruwa, a kafa sanda mai zane, a riƙe agogo. In ruwan ya tsaya cik, ƙasar ba ta sha, masai zai cika ya tumbatsa. In ya ɓace nan da nan, ƙasar ta cika haɗama, ƙazantar za ta bi ta ƙarƙashi ta je inda ba a aike ta ba. Matsakaici ake so. Sannan a ƙirga taki daga ramin zuwa rijiya mafi kusa, a duba kuma ko ƙasan ramin busasshe ne. A nan Damagaram duk ramin da na shiga, tsoronmu ɗaya ne, kada dutse ya karya mana dagi. Ban taɓa ganin ruwa a gindin rami ba sai wanda muka zuba da hannunmu.

'Yan kwanaki bayan ƙuri'ar i da a'a kan zama ƙarƙashin Nasara, kurkunu ya fito wa Mushe a ƙafa biyu, ya kwanta. Ga takarda ta zo, wani Alhaji daga Kano yana son gina masaukin masu kamyo, manyan motocin ɗaukar gyaɗa, a wani ƙauye gaba da Magarya, dab da iyaka, har da fos a ciki. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ko na Alhajin. Mushe ya kira ni gidansa, yana kwance an naɗe masa zaren kurkunun a tsinke, ya ba ni agogonsa da kaye, littafin rubutu, da takardar biro. Ya ce, "Abin da ƙasa ta gaya maka shi za ka rubuta. Ni hannu kawai zan sa, idona kai ne." Na fito ina jin kaina wani abu. Ban taɓa wuce Mirriya ba.

Na hau kamyo a kan tulin buhunan da ba komai a ciki, ni da wasu mata uku da wani mai kai fata. Kafin Bande mun kafe a yashi sau biyu, kowa ya sauka ana tura, shofer, mai tuƙin, yana zagin kakan motar. Ɗaya daga cikin matan ta ga ban taho da guzuri ba, ta ɓalla mini ƙuli-ƙuli, ta tambaye ni aikina. Da na faɗa mata sai ta janye hannunta ta goge a zani.

A bakin Magarya gardi, 'yan sandan Nasara, suka tsare mu. Kwanakin nan kun san yadda suke, duk saurayin da ya iya rubutu ɗan fati ne a wurinsu, wato ɗan jam'iyyar masu a'a. Ɗaya ya buɗe kayena ya ga layi-layi da lambobi, ya ce sunayen masu a'a ne na ɓoye a lissafi. Na dai ji labarin waɗanda aka sauke a hanya ba a sake ganinsu ba sai a kaso, gidan yari. Na tsaya a rana ina yi masa bayanin rami da ruwa da agogo har ya kira abokinsa ya ce in sake daga farko. Suka yi dariya har ɗaya ya dafa mota. Suka sa mini suna kumandan masai, suka ce in wuce. Na ɗauka tsoron tafiyar ke nan na gama.

Ƙauyen a fadama yake, rake da rogo ko'ina, kore shar. Aka sauke ni a zauren wata tsohuwa, Iya Hajo, mai sayar da fura a bakin rijiya. Mijinta marigayi ne ya haƙa rijiyar, kuma ita gari duka ke sha. Ta kawo mini ruwan wanka masaki biyu cike. Ni da na saba a gida a auna mini rabin ƙwarya a ce kada in zubar da na ɗauraya, na tsaya ina kallon ruwan kamar za a dawo a karɓe. Ta yi mini tuwon dawa da ɗanyar kuɓewa, ta zauna nesa kaɗan har na ƙoshi. Sannan ta tambaye ni, cikin kunya, ko wannan abin da baƙi za su gina ba zai taɓa mata rijiya ba. Na ce mata ta kwantar da hankali, ai dalilin zuwana ke nan.

Da safe Garba ya zo. Shi ne wakilin Alhaji a wurin, dogo, baƙi, mai tsabtar tufa. Tun daga nesa ya fara, wai Badamagare ya ga ruwa jiya ya rasa ta inda zai fara, wai a ɓoye guga kada in tafi da ita. Na rama, na ce Kanawa ne ba sa iya zama garinsu sai sun zo ci a namu. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su, ba mai fushi. Ya ce sun ma rage mini wahala, sun riga sun haƙa ramin, don Alhaji ya ɗauko magini takanas daga Kano.

Maginin wani dattijo ne, Baba Inuwa, hannuwansa duk sun rine da shuni har ƙumba. Ramin kuwa ban taɓa ganin mai kyansa ba. Zagayayye, ɗan matsattse, bangonsa sumul kamar cikin tulu. Ni na ɗauka haka yumɓun ƙasarsu yake. Aka yi ta ɗebo ruwa ana zubawa, na zura sandata, na riƙe agogo. Tun hantsi har azahar ruwan bai sauka ko faɗin yatsa ba. Ni ina ta rubuta lamba ɗaya ina maimaitawa, Baba Inuwa kuwa sai murmushi yake yana shafa gemu. Ya ce in je in dawo baɗi ma haka zan same shi.

Wannan maganar ce ta sa na sunkuya na ƙanƙari bangon da farce. Na ce, "Baba, me aka shafa a nan?"

Ya ce laso ne, shafi uku, har ƙasa. Ashe duk rayuwarsa ramukan marina yake ginawa, waɗanda ake jiƙa shuni a ciki, kuma a sana'arsa ramin da ya yi yoyo abin kunya ne har ga jikoki. Ba wanda ya ce masa ya shafe. Ya dai ji an ce Nasara zai aiko a zuba ruwa a rami a tsaya a kansa da agogo. To me mutum zai tsaya dubawa in ba yoyo ba? Da na gaya masa shan ruwan ake nema, ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Garba bai yi dariya ba. Ya tambaye ni wace lamba ce ke sa a ba da farmi, in rubuta ta mu huta. Na ce ba haka ake yi ba, sai an kwashe ruwan an fasa lason an ga ƙasar gaskiya. Na bar su na je na ƙirga taki zuwa rijiyar Iya Hajo. Talatin da takwas, kuma gangare. Bai kai ko kusa da abin da Mushe ke yarda da shi ba. Garba yana biye da ni yana cewa takin Badamagare dogo ne, don sun saba gudu zuwa rijiya, in sake da takin mutane.

Kashegari aka kwashe ruwan. Da na bar Baba Inuwa ya shiga, don ya ce shi ya shafa shi zai fasa. Amma tsoho ne, ni kuma ina son a ga ɗan biro ba rubutu kawai ya iya ba. Suka zura ni da igiya, na kwance ta daga ƙugu don in ji daɗin sara. Garba ya aiki Baba Inuwa ya ɗauko ƙwaryar kwasar ƙasa. Na buga dagi sau uku yana tsalle. Na huɗu ya shige kamar cikin kabewa, har ya kusa ƙwace mini. Sai ƙasan ramin duka ya karye a ƙarƙashina. Ba yumɓu ba ne a ƙasa, jiƙaƙƙen rairayi ne, kuma ruwa ya taso ta cikinsa, garau, da sanyi. Ban san abin da ya sa ba, na ɗiba da tafi na kai baki. Shi ne ruwan da Iya Hajo ke dama fura da shi, ɗanɗano ɗaya. Na yi kira na ce ruwa ne, ruwan rijiya ne a nan, ba za a yi fos a wurin nan ba. Da bakina na faɗa, ina cikin rami. Sannan na miƙa hannu in kama igiya na ji wayam.

Nan muka tsaya ɗazu.

Ina so in ce muku na ƙi. Wallahi ban ƙi ba. Rairayin ya kai ƙuguna, yana matse ni kamar hannu, wani ɓangaren laso ya faɗo ya daki kafaɗata. Na tuna ba wanda ya san ina ciki sai mutum biyu, kuma rami ya rufta da mai haƙa ba sabon labari ba ne. Na ce zan rubuta abin da yake so. Ya ce bai ji ba, ramin na da zurfi. Na sake faɗa da ƙarfi, muryata kamar ta mace mai kuka.

Sai ga kan Baba Inuwa ya leƙo. Ya fizge igiyar daga hannun Garba ya jefo. Garba ya tuntsire da dariya ya kama suka ja tare, yana cewa wasa yake yi, ai Bakano da Badamagare sun fi haka. Rairayin ya riƙe takalmana, da ƙyar ya saki ƙafata. Mutane suka taru, Garba yana ba su labarin yadda ɗan Damagaram ya ga ruwa ya firgita, kowa na dariya. Wa zan kai wa ƙara? In na ce ya so kashe ni, za a ce ban san wasa ba.

A gindin bishiya, yana tsaye a kaina, na cika takardar. Ruwa yana sauka matsakaici. Gindin rami busasshe. Rijiya tana nesa. Na sa sunana. Baba Inuwa bai iya boko ba, amma ya juya baya. Da na koma masauki Iya Hajo ta ɗumama ruwa ta ce in gasa ƙafafuna, tana sa mini albarka wai na wahala saboda su. Ban iya kallonta ba.

Garba ya ba da takardar a kamyon Alhaji a kai Damagaram, ni kuma ya ce ba zan tafi ba sai na je Babura na gaisa da Alhaji, don rashin ladabi ne. Na san tsare ni yake son yi har Mushe ya sa hannu. Ban yi musu ba. Tun daga ramin nan ko kallona ya yi sai in kauce masa.

Iyakar ƙasar Ingilishin da kuke tambaya ba wani abu ba ce. Sanda ce a gicciye da ɗan duwan, wato ɗan kwastan, yana fifita a inuwa, Garba ya miƙa masa goro ya ɗaga. Can gaba sai ɗan doka da jar hula. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne motocinsu ta hagu suke bi. Ina zaune a gaba na ga shofer ya karkata ya koma hannun da ba nasa ba, ga wata mota tana tahowa. Na runtse ido na fara kalmar shahada. Suka wuce juna lafiya, shofer ya ce wa Garba wannan baƙon nasa bai da lafiya ne.

Aka sa ni a wani ɗaki cikin siton gyaɗa, ƙofarsa ɗaya, tana kallon inda mutanen Garba ke awo tun safe har magariba. Aka ba ni riga sabuwa da takalmi. Mutanen can Hausa ɗaya muke yi, amma ranka ya daɗe ba ta barin bakinsu, kuma in na ce biro ko lakwal sai su ce in sake. Da safe shayi da madara da burodi mai laushi kamar auduga, wannan kam na yaba. Da rana sai su jiƙa garin rogo da sukari su sha da cokali. Na kai loma ɗaya na ji yana ƙaras-ƙaras a haƙorina kamar rairayin nan, na ajiye. Masu duba-garinsu na gan su, da gajeren wando da ludayi, suna shiga gida-gida suna leƙa randa. A gidan saukar manyan baƙi kuwa aka ce mini ba rami ma, bokiti ne, wani ya zo ta ƙofar baya ya ɗauke a ka. Da na ji haka a da sai in yi dariya. Ranar na ce a raina aƙalla bokiti ba ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Alhaji kuwa kullum gobe zai zo. Ko da rana na rufe ido sai in ga faifan hasken nan.

Ran kwana biyu sai ga Baba Inuwa da 'yar jakarsa, zai koma Kano. Ya ajiye aikin. Ya zauna a bakin ƙofa kamar mai hutawa, yana magana ba ya kallona. Ya ce an fara sauke siminti a wurin. Ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina gina ramin da ba ya yoyo. Wannan da gangan za a yi shi ya yi yoyo, kuma na ga inda zai zuba." Ya ce kamyon da ya ɗauki takardar ya tsaya lodi a Magarya, bai isa ba tukuna. Ya ce gobe Juma'a, masallacin garin ƙofa biyu gare shi, kuma masu jakan kanwa suna komawa arewa ta daji da zarar an sallame.

Haka na yi. Na shiga sahu tare da mutanen Garba, ana sallamewa na fita ta ɗaya ƙofar cikin taro. Masu jakan ba su tambaye ni komai ba, sai ɗaya ya ce rigata ta fi ƙarfin tafiyar ƙasa. Na tuɓe ta na ba shi. Duk ƙugin mota da na jiyo daga nesa sai in tsuguna bayan jaki. Mun bi ta gefen ƙauyen, ina hango kan bishiyar bakin rijiya, ban shiga ba. Washegari da hantsi muka shiga Magarya, ƙafata duk ta yi bororo.

A tasha na ga kamyon Alhaji yana ɗaure tanti, zai tashi. Na ga kuma wani shofer ɗan unguwarmu wanda motarsa ba kaya, zai riga shi isa. Ya ce in hau. Na ƙi, don hanya ɗaya ce kuma mutanen Alhaji sun san fuskata. Na laɓe bayan rumfar mai nama na yagi takarda daga kaye. Na fara da Faransanci ya ƙi fita, na juya na rubuta da Hausa. Na miƙa wa shofer ɗan unguwarmu, na ce ya ba matar Mushe a hannu, kada ya bi ta biro.

Ni kuwa da ƙafa da jaki na taho, na zagaya ta Mirriya na ɓuya gidan goggona kwana tara. Sauran wasunku sun sani. Saƙon ya riga takardar isa da wuni guda. Mushe bai sa hannu ba, ba a ba da farmi ba. Amma takardu biyu ne da rubutuna, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta, dole ya kai su gaba. Aka sallame ni. Kaso dai ban shiga ba, kuma na san bakin Mushe ne ya hana. Garba na ji an ce yakan shigo kasuwa ranar Alhamis, ya tambayi ina abokin wasansa. Shi ya sa ba kwa ganina.

Ga abin da na rubuta, har yanzu yana kaina:

"Mushe, ni ne Mutari. Takardar da za a kawo maka da hannuna ƙarya ce, kada ka sa hannu. Akwai ruwa a gaba uku, kuma ruwan rijiyar garin ne, na ɗanɗana. Taki talatin da takwas ne, gangare. Tsoro na ji na rubuta. In za a rufe wani ni ne, amma a bar ni in iso da ƙafata. Don Allah kada a aika gardi gidan innata."